Ajin rawar gargajiya a Agege: abin da yaro zai samu, da abin da ke neman gyara

Idan mutum ya sauko daga gadar Pen Cinema ya nufi wajen layin dogo, akwai wani tsohon gidan haya mai faffaɗan tsakar gida inda ake koyar da rawar gargajiya duk Alhamis da Lahadi bayan la'asar. Babu allo a ƙofa, amon kalangu ne ke yi wa baƙo jagora. Mai ajin dattijo ne da ya haura sittin, haifaffen wani ƙaramin gari a ƙasar Kano, wanda ya taka koroso tun yana saurayi kafin neman abinci ya kawo shi Legas. Yara Baba suke ce masa, iyaye kuma Malam. Shi ne dai wanda mutanen layin ke kai wa kuka idan ɗan haya da mai gida sun saɓa, ko wani baƙo ya sauka daga Arewa ba shi da masauki. Wannan matsayi nasa shi ne ƙarfin ajin, shi ne kuma babban rauninsa, za mu zo kansa.

Hukuncinmu tun da wuri: ga yaro ɗan shekara 8 zuwa 15 da ake so ya iya rawar gida da gaske, ajin ya ci kuɗinsa. Ga wanda ke neman a haɗa masa taku biyu cikin mako ɗaya don ya ɗora a TikTok, ya nemi wani wuri, don a nan zai ƙosa.

Dalili kuwa shi ne zama huɗu na farko ba a rawa ko kaɗan. Yaro zai zauna a tabarma, makaɗi ya kama kiɗa, shi kuma aikinsa tafi kawai: ya nemo inda gindin kiɗan yake ya sauke tafinsa a kai. Iyaye da yawa kan yi tsaki a nan, su ce kuɗin rawa suka biya ba na tafi ba. Mu kam muna ganin wannan shi ne mafi daraja a duk abin da ake koyarwa a gidan. Yaron da ya tashi a Legas kunnensa ya saba da kiɗan waya, wanda bugunsa ba ya gaba ba ya baya daga farko har ƙarshe. Kalangu ba haka yake ba. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauko, ya ƙara wuta idan ya ga masu rawa sun ɗau zafi, ya ja baya idan sun fara haki. Sannan akwai ɗan gajeren kira da yake yi kafin a sauya taku. Yaron da ya haddace lissafi, yana ɗaya biyu uku huɗu a zuci, zai wuce wannan kiran bai ji ba, sai ka ga kowa ya juya shi yana nan yana abin da aka bari. Wanda aka zaunar ya yi tafi zama huɗu ba ya faɗa wa wannan rami. Gwajin da Malam ke yi kafin ya bar yaro ya miƙe mai sauƙi ne: a sa shi ya juya wa makaɗi baya, a sauya kiɗa sau uku ba sanarwa, in ya bi duka ukun ba tare da ya waiwayo ba, ya wuce.

Darasi kan ɗauki minti 105, daga ƙarfe 4:30 zuwa 6:15, don a tashi kafin kiran magariba. Minti 15 na farko na ɗumama jiki ne: sassarfa a tsaye, juya idon sawu, durƙuso a hankali sau goma, miƙa bayan cinya. Minti 20 na tafi da maimaita tsohon taku, 40 na sabon abu, 20 na haɗawa da kiɗa gaba ɗaya, goman ƙarshe na sanyaya jiki da shan ruwa. Tsari ne mai kyau, in an bar shi ya gudana.

Wajen taku ne gwanintar dattijon ke fitowa fili. Abin da yake fara gyarawa shi ne tsayuwa: gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a gaban ƙafa, diddige shi ne ke sauka daga baya, ƙirji a buɗe. Yaran Agege sun taso suna ganin rawar da ƙugu ke jan ragamarta, a wajen bikin maƙwabta da kuma a waya, don haka da an kaɗa sai ƙugu ya riga komai motsi. A rawar da ake koya a nan ƙafa da kafaɗa ne ke magana, ƙugu bi yake yi. Malam ba ya tsawa a kan wannan. Yakan ɗora wa yaro ƙaramar ƙwarya babu komai a ka, ya ce ya taka. In ƙugu ya yi yawa ƙwarya ta zame, in ya kalli ƙasa ta faɗi. Cikin zama biyu ko uku matsala biyu sun tafi lokaci guda, ba wanda ya sha faɗa.

Sauran kurakuran da aka saba gani ya san maganinsu. Akwai ragwancin ƙafar hagu, inda dama ke sauka da ƙarfi hagu tana jan ƙasa. Maganinsa a fara kowane taku da hagu har tsawon mako biyu. Akwai riƙe numfashi, wanda ke sa yaro ya gaji cikin minti uku kafaɗunsa su haye kunne. Sai a sa shi ya riƙa amsa waƙa yana taku, tunda mai amshi dole ya numfasa. Sai hajijiya wajen juyi. A bangon gabas na tsakar gidan akwai ƙusa da aka rataye wata tsohuwar jar dara, ta koɗe saboda rana. Mai juyi zai kafa mata ido, jiki ya fara tafiya kai yana nan, sai a ƙarshe kai ya zagayo da sauri ya sake nemo hular. Takwas ta dama, a tsaya, takwas ta hagu. “Ina hula? Nemo hula!” shi ne abin da za ka fi ji daga bakinsa a wannan sashe. Yaron da ya tsallake juyin hagu don na dama ya fi masa daɗi, shi ne wanda za a gani yana tangaɗi ranar wasa.

Samari na fara da takkai, kuma zaɓi ne na hankali, don rawa ce da ke tilasta wa mutum lura da na kusa da shi. Ana tsayawa a da'ira, kowa da sanda, ka haɗa da na gabanka, ka juyo ka haɗa da na bayanka, duk a kan bugun kiɗa. Dole adadin ya zama mai rabuwa biyu, takwas ko goma sha biyu. In aka samu tara, mutum ɗaya zai riƙa dukan iska, daga nan da'irar ta rikice. Ranar da aka sami mara aboki, Malam da kansa ke shiga ya cike. Sandar kamu ɗaya da rabi ce, ana riƙe ta a can ƙasa, a bar faɗin yatsu uku daga gindi. Mai riƙewa a tsakiya shi ke shan duka a yatsu. Watan farko ba a ba yara itace sam, kwali ake naɗewa a ɗaure da roba, sai hannu ya faɗa sannan a koma sanda. Mun yaba da wannan, don targaɗen yatsa ɗaya ya isa ya sa uwa ta cire ɗanta ba dawowa.

Koroso sai bayan wata shida. A nan ne ake ɗaura abin kacau-kacau a ƙafa, kuma a nan ne duk wata ƙarya ke tonuwa, saboda ƙafar da ta makara ana jin ta ko ba a gan ta ba. Ana fara naɗa tsumma a ƙwauri ninki biyu kafin a ɗaura, in ba haka ba zufa da gogayya su saɓule fata kafin a tashi. Ɗaurin kada ya yi sako-sako ya riƙa sauka kan idon sawu, kada kuma ya matse har yatsa ɗaya ya kasa shiga. Sassan da suka haɗa da lanƙwasa baya da ɗaukar abokin rawa ba a koya wa wanda bai kai shekara 12 ba, kuma a kan katifa ake yi, mutum biyu suna tsaye gefe. Masu koroso a dandamali sukan fito namiji da mace. A nan an raba, maza da maza, kuma da wannan sharaɗi ne iyaye suka yarda. Abin da ya rage wa sashen armashi shi ne rashin mai busa sarewa. Akwai kalangu, akwai lalajo, amma sarewar daga waya ake sako ta ta ƙaramar sifika. Wato bayan an ɓata zama huɗu ana koya wa yaro bin kiɗa mai rai, sai a dawo a ɗaure makaɗin kansa da sautin da ba ya saurare. Ana jin tsamin abin. A garin da ya karɓi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, mai babban gidan wasan ƙasa a Iganmu, ba ma ganin neman mai sarewa ɗaya da zai riƙa zuwa ko sau biyu a wata ya fi ƙarfin ajin.

Sashen 'yan mata uwargidan Malam ke riƙe da shi, a cikin gida, ba namiji ko ɗaya. Umma suke ce mata. Tana koyar da gaɗa, da shantu, da kiɗan ƙwarya, har da wadda ake kifawa a kan ruwa cikin baho. Ta iya aikinta. A gaɗa, wurin da yarinya ke sakin jiki ta faɗa da baya ƙawaye su cafe ta su ɗago, ba ta yarda a yi da ƙasa da masu tara huɗu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu, kuma mai faɗuwa ba ta sakin jiki sai amshi ya zo. Hatsarin kullum daga mai tsoro yake: ta lanƙwashe ƙugu a tsakiyar faɗuwa, nauyinta ya tattaru wuri ɗaya ya kuɓuce wa masu tara. Don haka ake fara koya daga durƙushe. Ga 'yan matan amarya kuma akwai shiri na musamman, zama shida cikin mako uku, na shiga fili da fita da taku uku zuwa huɗu. Shawararmu a zo da zanin da za a ɗaura ranar bikin tun zama na huɗu, da takalmin, don takun da ya zauna cikin doguwar riga da silifa yakan watse cikin matsattsen ɗinki.

Sai dai an tauye wannan sashe. Minti 45 kawai suke samu, a falon da ba ya ɗaukar fiye da mutum goma, alhali 'yan matan sun fi samarin yawa kuma kuɗi ɗaya ake biya. A ware musu tsakar gidan rana guda, a rufe ƙofar zaure, ba abin da zai ci.

Babban abin da ya dame mu shi ne daɓen. Siminti ne. Rawar nan a dandali mai turɓaya ko yashi aka haife ta, ƙasa ce ke shanye rabin nauyin dirowa. A kan siminti gwiwa da ƙwauri da diddige ke shanyewa, kuma yaro mai girma ba ya faɗi sai ciwon ya yi nisa. An shimfiɗa tabarmar roba, amma ba ta rage komai ba sai ƙara santsi da zarar zufa ta zuba. Da damina kuma, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, gansakuka kan kama gefen da ke kusa da kwata. Har sai an shimfiɗa katako a kan tsofaffin tayoyi ko an zuba yashi a wani ɓangare, iyaye su sa wa yaro takalmin kambas mai laushin ƙasa, kada a bar shi ya yi tsalle ƙafa ba komai, kuma in ya fara ɗingishi da safe ko yana dafa ƙasan ƙoƙon gwiwa, a hutar da shi mako guda. Malam yana rage tsalle zuwa minti goma a kowane zama saboda wannan, ya san matsalar. Sani dai bai gyara daɓe ba.

Kayan kiɗa suna samun kulawa fiye da daɓen. Laimar Legas abokiyar gabar fatar kalangu ce, takan sa ta saki murya ta dushe kamar mai mura. Suna da kalangu biyu, ana amfani da ɗaya ɗayan yana hutawa a rataye, ba a jingine shi a ƙasa ko bango mai danshi. Kafin darasi a shanya shi a rana kamar minti goma. In hadari ya rufe, a kara shi nesa da garwashi ana juyawa, ba a kusa da harshen wuta ba, don zafin gaggawa ke sa fata ta tsage a baki. Makaɗin ɗan gidan mahauta ne daga wajen mayankar Oko-Oba, abin da ba zai ba wanda ya san tsohuwar alaƙar kalangu da fawa mamaki ba, kuma hannunsa na da tsabta. Yana kallon ƙafar yara, ba ya kiɗa don kansa.

Yanzu batun shugabanci. Ba don mutanen layin sun san dattijon a wajen sulhu da jana'iza da raka mutum ofishin 'yan sanda ba, da babu magidancin da zai tura ɗansa, balle 'yarsa, koyon rawa. Hausawan Agege tsofaffin zama ne, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, kuma suna da tsantseni kan abin da ya shafi kiɗa. Ya san wannan, shi ya sa ya tsara ajin yadda ba zai ci karo da Islamiyya ba, ba a waƙar batsa ko zambo, ana rufewa gaba ɗaya a watan azumi, kuma yaron da aka kawo ƙararsa daga makaranta yakan zauna a benci zama biyu yana kallo. Haka da maƙwabta Yarabawa. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama, desibel (ma'aunin ƙara) 55 da rana 45 da dare, kuma kalangu a tsakar gida ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da ya hana ƙorafi shi ne ba a sa lasifika mai ƙarfi, ba a wuce magariba, kuma in akwai mara lafiya ko rasuwa a layin ana ɗage darasi ba sai an roƙa ba.

Amma wannan mutuncin ne ke cinye lokacin yara. Ana tsakiyar sabon taku sai sallama daga zaure: “Malam, ranka ya daɗe, minti biyu.” Minti biyun kan zama arba'in. A cikin zama takwas na wata, a ƙaddara biyu za su tafi rabi-rabi a haka. Babu mataimaki tsayayye. Babban ɗalibi kan riƙe ajin, ya maimaita abin da aka sani, amma ba ya iya gano cewa nauyin yaro ya koma diddige, balle ya gyara. Mu a ganinmu gyaran ba wuya: masu ƙara su san cewa Alhamis da Lahadi daga la'asar zuwa magariba ba a ganin Malam sai in rai ne ko gobara, sannan a zaɓi ɗalibai biyu a horar da su koyarwa, ba rawa kaɗai ba. Duk abin da ake koyarwa a gidan yana cikin kan mutum ɗaya ne mai shekara sittin da ɗoriya, ba a rubuce ba, ba a ɗauka a bidiyo ba. Ko sunayen takun da jerinsu aka rubuta a littafi guda, an rage asara.

Kuɗi kashi uku ne: na shiga sau ɗaya, na wata, da ɗan abin makaɗi da ake tarawa duk Lahadi. Gaba ɗaya bai kai abin da ake biya na darasin gida na boko ba, kuma marayu ba sa biya. Ba a ba da rasit, a littafi ake rubutawa, don haka ya fi kyau a tura ta banki a ajiye shaida. Idan aka gayyaci yara wasa a biki ko taron Sallah, abin da aka samu ana raba shi uku: makaɗa, asusun kaya, sai na yara wanda ake damƙa wa iyaye hannu da hannu. Ba a fita da yaro sai da izinin uba ko uwa, kuma ana dawowa kafin isha. Wani abin da ya kamata sauran masu wasa su kwaikwaya: Malam ba ya yarda a yi wa yara liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta, hukuncin shi ne ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 an ga yadda ake gurfanar da mutane a Legas a kan haka. Faranti ake ajiyewa a bakin fili, mai kyauta ya sa a ciki. Ban da kauce wa doka, yaro ba ya sunkuyawa tsintar kuɗi a tsakiyar taku.

Wanda ke Agege, Oko-Oba ko Dopemu zai iso ba wahala. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, ya sauƙaƙa wa mai tasowa daga Oyingbo, Mushin ko Oshodi. Daga Mile 12 ko Alaba Rago kuwa, zaman Alhamis ba zai yiwu wa ɗan makaranta ba saboda cunkoso, a tsaya ga Lahadi, a san kuma cewa abin da wasu za su koya a wata shida zai ɗauke shi kusan shekara. A zo da ruwa lita ɗaya, wando mai walwala wanda ba ya jan ƙasa, da tsumman ƙwauri. Kada a ci abinci mai nauyi ƙasa da awa biyu kafin darasi. Sabon rukuni na farawa ne mako biyu bayan ƙaramar Sallah, ba ya wuce mutum goma sha shida, kuma ba a sa yaro a tsakiya tunda zai rasa zaman tafi, don haka mai so ya je ya rubuta suna tun cikin Sha'aban, shi da yaron tare, don Malam ba ya karɓar ɗalibin da bai ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba.